Ƙafar Surukina a Shafin Baya

Sunana Lawan, amma ban taɓa sa shi a jarida ba. A ƙasan kowane zane nakan rubuta "Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi", wai don kada soja su gano ni, alhali ni kaɗai ne mai zanen barkwanci a duk faɗin Gyaɗi-Gyaɗi, kuma a ƙofar gidanmu akwai allon da na rubuta da hannuna cewa ana zane a nan. Da sun so kama ni, ko ɗan acaɓa ba sai sun tambaya ba. Ba su taɓa zuwa ba, kuma wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Mahaifina kafinta ne, Allah ya ji ƙansa, ya so in gaje shi, sai ya lura ƙusa ɗaya nake bugawa in bugi yatsana sau biyu, ya sallame ni. Na koma rubutun allunan shaguna da bayan motocin haya. Rubutu kam ina da hannu, kayan shago ma in na zana sai ka ce ka ɗauka. Fuskar mutum ce ta gagare ni. Wani mai aski ya taɓa ba ni aikin zana kawuna shida a allonsa, bayan mako guda ya kawo mini fenti da kansa ya ce in shafe, wai masu zuwa aski suna tsayawa su dubi allon su wuce.

A shekarar 1985 na yi wa wani mai sayar da takalma allo a titin gidan Zoo. A saman shagon katifun da ke kusa da shi akwai ofishin wata 'yar jarida ta Hausa mai fitowa duk Juma'a, shafi takwas. Ba zan kira sunanta ba, ta mutu, a bar mamaci ya huta. Editanta, Garba, ya leƙo ta taga ya ga takalman da na zana, ya aiko in hau. Ya ce yana neman mai zanen barkwanci a shafin baya, amma da sharaɗi guda: kada in zana fuskar kowane mai mulki. Na gyara tsayuwa na ce sharaɗin yana da nauyi, amma zan daure.

Haka na shiga sana'ar. Kayan aikina kwalbar baƙar tawada, alƙalami mai bakin ƙarfe, farin kwali, da reza ta kankare kuskure. In kai zane ranar Talata, ya fito Juma'a. Abin da nake zanawa kuwa takalmin soja ne. Takalmi a kan buhun shinkafa, takalmi a kan rufin makaranta, takalmi ya tsallake layin mai. In aka yi juyin mulki sai in sake masa igiya. Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki, a teburin mai shayi ina gaya wa mutane hikima ce, mai hankali shi ke ganewa. Gaskiyar magana biyu ce, ina tsoro, kuma ban iya fuska ba.

Mukan ji labarin masu zane a Legas da ake zuwa a ɗauka a yi musu tambayoyi. Ni ma na haɗa 'yar jaka, na sa asuwaki da carbi da riga ɗaya, na rataye a bayan ƙofa, na gaya wa matata Kubura in an zo kada ta yi kuka a gaban yara. Ta ce to. Jakar ta shekara uku a rataye, daga baya Kubura ta zazzage ta ta riƙa zuba albasa.

Mahaifin Kubura shi ne Malam Inuwa Kabo, a Tarauni yake. Ya yi shekara talatin yana riƙe da sito a wani kamfanin saƙa, ya bar aiki da keke ɗaya da buta. A layinsu shi ake ba ajiya. Mai tafiya Makka ya kawo masa makullin gida, marayu a kai masa takardar filinsu, matar da ba ta yarda da 'yan'uwan mijinta ba ta aiko masa da takardar gida a ƙulle cikin ɗankwali. Ba shi da dukiya, sunan nan shi ne abin da ya tara.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan je gaishe shi, kamar yadda ya kamaci suruki. In cire takalmi tun daga waje, in shiga zaure in durƙusa nesa da tabarmarsa, in sunkuyar da kai. Ba a duban suruki a ido, kuma ni na riƙe wannan da kyau har ana ba da misali da ni. Shi kuma mutum ne mai doguwar gaisuwa da doguwar nasiha, yakan miƙe ƙafafu ya yi rabin awa yana magana. Ido kuwa dole ya sauka a wani wuri. Shekara goma sha biyu nawa idon a kan ƙafarsa yake sauka. Babban yatsansa na hagu ya hau kan na kusa da shi tun wata faɗuwa da ya yi a keke yana saurayi. A idon sawun akwai tabo kamar ƙwayar wake. A gefen tabarma kuma ga takalminsa fade, wanda aka ɗinke maɗaurinsa da farin zare.

Da aka miƙa mulki ga farar hula a 1999, kowa yana murna, ni ma na yi ta a baki. Garba ya kira ni ya ce takalmin soja ya mutu, yanzu 'yanci ya zo, in zana 'yan siyasa da fuskokinsu da tumbinsu. Na ce ai abin da nake jira ke nan tun tuni. Na koma gida na ɓata kwali goma sha ɗaya. Duk wanda na zana sai ya fito kamar kabewa an ɗora mata hula. Shekara goma sha huɗu ina kukan an ɗaure mini hannu, da aka kwance sai ga shi babu komai a cikinsa.

Da safiyar Talata dabara ta zo mini. Na zana ƙatuwar tukunya, na rubuta "Baitulmali" a jikinta, na zana mutum ya zura kai da kafaɗu a ciki, babbar rigarsa ta zazzago, ƙafafunsa a sama suna reto. Babu fuska, an huta. A ƙasa na rubuta, "Yanzu aka fara." Saura ƙafafun. Takalmin soja ba shi da yatsu, ban taɓa zana ƙafar mutum tsirara ba, amma da na ɗora alƙalami sai hannuna ya tafi shi kaɗai kamar jakin da ya san hanyar gida. Yatsu suka fito, ɗaya ya hau ɗaya, ɗan tabo ya zauna a idon sawu, fade ɗaya yana lilo a ƙafa, ɗaya ya faɗi ƙasa, har da ɗinkin maɗauri. Na ja da baya na duba, na ce wa kaina ashe gwani ne ni ban sani ba. Wallahi ban ga ƙafar kowa ba a lokacin, ƙafa kawai na gani mai kyau.

Abin da ya sa lamarin ya yi muni shi ne siminti. Wata guda kafin nan, sababbin shugabanni sun aiko da buhunan siminti don a gyara kwalbatin layin su Malam Inuwa, wanda duk damina yake cika ya shiga gidaje. Mutanen layi suka ce ba su yarda a ajiye a ko'ina ba sai a zaurensa, suka naɗa shi shugaban kwamitin aikin. Ni kaina a tsakanin buhunan nake durƙusawa in gaishe shi. Yashi bai iso ba, ruwa ya sauka, aiki ya tsaya, waɗanda suka so a ba su ajiyar ba a ba su ba suka fara 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya saurare su, don ba su da abin kamawa.

Jarida ta fito Juma'a. Wanda ya fara ganewa Bello ne, shumekan da ke gyaran takalma a bakin masallacin layin. Ya karɓi jaridar a hannun wani, ya dubi takalmin ya ce wannan ɗinkin nasa ne, shi ya yi shi da farin zare don baƙin ya ƙare masa ran nan. Daga nan sai aka dubi yatsan. Duk wanda ya taɓa tsayawa sahu ɗaya da Malam Inuwa ya san yatsan nan, don a sahu ƙasa ake kallo. Kafin la'asar jaridar ta zaga layi, kafin Asabar an yi mata hoto a inji an manna a jikin turken lantarki.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba, don ran nan na gaishe shi na dawo gida tun kafin maganar ta tashi. Garba ya aiko mini cewa mai sayar da jarida na Tarauni ya dawo sau biyu ya ƙaro, abin da bai taɓa faruwa ba. Na sa sabuwar hula na fita teburin mai shayi, na yi musu bayanin yadda zane yake girgiza gwamnati. Na sayo tsire na kai gida. Kwana biyu na yi ina tafiya kamar wanda aka naɗa, kuma ina jin kunyar kwana biyun nan har yau fiye da zanen kansa.

Ranar Lahadi da hantsi Kubura ta dawo daga unguwa, ko mayafi ba ta cire ba ta shimfiɗa jaridar a gabana, ta ɗora yatsa a kan zanen.

"Malam, ƙafar wa ce wannan?"

Na buɗe baki zan ce ta ɓarawon gwamnati ce, sai na duba inda yatsanta yake. Nan take na gane ƙafar. Na ce mata ban yi da gangan ba, na rantse, na sake rantsewa. Ta ce ta sani, ai da gangan ɗin ma sai mai ƙarfin hali. Sannan ta gaya mini abin da ake faɗa a Tarauni: ruwa ba ya tsami banza, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in har surukin da ke shiga zauren duk mako ya zana shi da kai a tukunya, to ya ga wani abu.

Malam Inuwa bai aiko a kira ni ba, bai kuma yi wa kowa musu ba. Ya ɗauko masu amalanke suka kwashe simintin gaba ɗaya suka kai ƙofar gidan mai unguwa, ya ce ya sauka daga kwamiti. Maimakon wannan ya wanke shi, sai aka ce ya ji tsoro ne. A cikin makon nan mutum uku suka zo karɓar takardunsu, kowa da uzurinsa, wannan zai duba wata lamba, wancan ɗansa ne yake son gani. Ya ɗauko ya ba su. Kubura ta ce ɗaya daga cikinsu mace ce da shi Malam Inuwa ya riƙe tun tana yarinya, ya aurar da ita.

Ni kuma na yi abin da na fi iyawa, na ɓuya. Juma'a ta zo na ce zazzaɓi nake yi. Na je wurin Garba na roƙe shi a buga gyara, ya tambaye ni me za a rubuta. A ce ƙafar da ta fito makon jiya ba ta Malam Inuwa Kabo ba ce? Yanzu Tarauni kaɗai ta sani, in aka buga haka Kano duka za ta sani. Ya yi gaskiya. Sannan ya tambaya ko zan iya kawo kashi na biyu, tunda abin ya karɓu. Na juya na sauko daga benen. Juma'a ta biyu ma zazzaɓin bai sake ni ba.

Kubura ba ta yi yaji ba, da ta yi da na samu sauƙi. Ta dafa abinci, ta ajiye mini ruwan wanka, ta amsa gaisuwa, ba ta ƙara kalma ɗaya a kai ba. Juma'a ta uku na fito daga wanka na tarar ta ajiye mini riga da hula a kan gado, ta kuma jingina kekena a bakin ƙofa yana fuskantar waje.

Na isa Tarauni bayan an sauko. Na cire takalmi, na shiga zaure na durƙusa a inda na saba, na sunkuyar da kai. Sai na ga safa. Baƙar safa ce mai kauri irin ta 'yan makaranta, a cikin zafin nan mai gumi, ga kuma sau-ciki a gefen tabarma a inda fade yake zama. Dattijo ɗan shekara saba'in ya ɓoye ƙafarsa a cikin zaurensa saboda ni. Na ji hawaye ya zo mini, gaisuwar da na haddace tun daga gida ta gudu.

Ya amsa sallamata kamar kullum, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce:

"Malam Lawan, ɗago ka dube ni."

Na ce, "Baba, a yi mini afuwa."

"Ɗago."

Na ɗago. Ran nan na fara ganin fuskar surukina sosai. Ashe idanun Kubura nasa ne. Sun yi ja, sun faɗa, fuskar duk ta zube.

Ya ce, "Ka taɓa ganin na ci abin wani?"

Na ce ban taɓa ba, ko a mafarki. Ya ce to me ya kai ƙafarsa jarida? Babu yadda zan yi, na gaya masa komai: ban iya fuska ba, ban taɓa zana yatsu ba, kuma duk duniya babu ƙafar da idona ya sani kamar tasa. Ina magana ina jin yadda zancen yake fita kamar na mahaukaci. Ya saurara har na gama, ya girgiza kai a hankali.

"Shekara goma sha biyu ina gaya wa mutane na yi dacen suruki mai kunya. Ashe awo kake yi."

Ban san ko dariya ake so in yi ko kuka ba, shi ma ina jin bai sani ba. Ya ce shi ya yafe, don ya ga wauta ce ba mugunta ba, amma yafewarsa ba ta dawo da abin da ya zube. Ya ce da alƙalami na ɓata, da baki zan gyara. In tsaya a masallacin layi bayan la'asar in faɗa wa mutane abin da na faɗa masa.

Na tsaya. Liman ya yi sallama, ya ce jama'a su ɗan dakata, surukin Malam Inuwa yana da magana. Na yi bayanin takalmin soja da kwali goma sha ɗaya da gaisuwar Juma'a. Da na kai kan yadda nake kallon ƙafa, wani a baya ya kasa riƙe dariya, sai ta bazu har sahun gaba. Na ga alamar wasu sun yarda, don ba wanda zai ƙirƙiri wauta irin wannan ya ɗora wa kansa. Har na fara jin sanyi, sai wani daga cikin masu 'yan maganganun nan ya ɗaga murya ya ce, to in ba Malam Inuwa nake nufi ba, wa nake nufi?

Na duba masallacin. Ga 'yan siyasar mazaɓa biyu a zaune a sahun farko suna kallona. Da ni namiji ne da na ce duk wanda ya ci dukiyar jama'a shi nake nufi, wanda ya tsargu kuma da shi ake. Amsar nan ta zo mini, amma sai da na hau keke na kusa gida. A masallaci abin da na ce shi ne, "Ba kowa." Mutumin ya ce to, ya gyara hula. Liman ya yi addu'a aka tashi.

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. Biyu daga cikin masu takardu sun mayar, wadda ya riƙe ɗin ba ta mayar ba. Malam Inuwa bai sake karɓar shugabancin komai ba, ko na rabon naman suna. Ya ci gaba da karɓar gaisuwata duk Juma'a, ya ci gaba da nasiha, bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ni na daina zuwa teburin mai shayi. Na ƙara shekara biyu a jaridar ina zana tukwane da buhuna da motoci babu mutum a ciki, har ta mutu don kanta. Na koma allunan shaguna, lokacin zaɓe kuma in rubuta wa kowace jam'iyya ƙyallen kamfe, duk wanda ya zo.

Ya rasu shekara shida bayan zanen, da rana tsaka, bayan 'yar gajeriyar jinya. An yi masa jana'iza mai jama'a, na kuma ji mutane da dama suna faɗin amanarsa, na riƙa tattara maganganun nan a raina kamar mai tsintar hatsi. Na ce ashe an manta, Allah ya rufa asiri.

Ranar uku muna zaune a tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, ina kusa da wani maƙwabcinsu, mutumin kirki wanda ya yi ta hidima tun ranar rasuwar. Wani mai wucewa ya tsayar da babur, ya yi sallama, ya tambaya wa ya rasu. Maƙwabcin ya ce Malam Inuwa. Mai babur ya ce wane Malam Inuwan, ai suna da yawa a Tarauni. Maƙwabcin ya ce Inuwa Kabo, mai riƙon amanar nan, tsohon ma'aikacin kamfanin saƙa. Mai babur ya ce bai gane ba. Sai maƙwabcin ya rage murya, ba da wata mugunta ba, don dai ya taimaka masa, ya ce, "Na tukunya."

Mai babur ya ce Allah sarki, ya gane shi, Allah ya ji ƙansa. Ya ɗaga hannu muka shafa fatiha tare, har da ni.